Yadda za ka ci ramen a shagon taliya a Japan

Ramen taliya ce da ake zubawa cikin romo. Da farko dai kafin ka zauna ka tambayi da me aka dafa romon, don wanda suke ce wa tonkotsu ƙashin alade ne, wallahi kar kai wasa da wannan, gara ka nemi shagon halal, akwai su a Tokyo.

Sannan a bakin ƙofa sau da yawa akwai na'ura, ka zuba kuɗi ka danna wanda kake so, tikiti ya fito ka miƙa wa mai dahuwa.

Kwano na zuwa ka ci da zafinsa, taliyar saurin kumbura gare ta. Zuƙi abinka da ƙara, a can ba abin kunya ba ne.

Kana gamawa ka tashi don wasu na layi a waje, kuma ba a barin tukuici.