Wanda Gini Ya Danne: Kurakuran Da Muke Yi Bayan An Ciro Shi

Idan damina ta yi tsakiya, wajen watan Agusta, ba a rasa jin katangar ƙasa ta jiƙe ta faɗo wa mutane cikin dare. Ga masu haƙar rijiya da masu haƙar zinare da rami ke ruftawa da su, ga tirela da ke kifewa kan ɗan acaɓa. Mutanenmu ba su da ƙyashin taimako, kafin ka ce kwabo an fito da shebur da diga. Abin da ke damuna shi ne abin da ke biyo baya, domin sau da yawa a nan ake rasa mutumin.

Babban kuskure shi ne ɗaukar cewa da an ɗaga abin da ya danne shi, magana ta ƙare. Na taɓa ganin wani magidanci da aka zaro daga ƙarƙashin katanga bayan ya shafe awanni ƙafarsa a danne. Ba jini, ba karaya. Ya zauna kan tabarma ana ta yi masa barka da arziki, har ya sha kunu. Washegari cinyar ta kumbura ta yi tauri kamar icce, fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi, ɗan kaɗan. Kwana biyu fitsarin ya ɗauke.

Tsokar da ta daɗe a danne ba jini mutuwa take yi, tana tara guba a cikinta. Muddin nauyin yana kai, gubar tana tsare. Da an ɗaga, jini ya dawo, sai ya kwashe ta zuwa sauran jiki. Akwai sinadarin fotashiyam, wanda idan ya yi yawa a jini yake rikita bugun zuciya, har ya tsayar da ita cikin mintuna. Akwai kuma mayogulobin, wani sinadari na cikin tsoka, wanda ke toshe ƙananan hanyoyin ƙoda, shi ne ke duhunta fitsari. A 1941 likitoci biyu a Landan, Bywaters da Beall, suka bayyana wannan ciwo a kan mutanen da aka ciro daga gidajen da bama-baman Jamus suka rusa: an fito da su kamar lafiya, bayan kwanaki ƙoda ta kashe su. A girgizar ƙasar Marmara ta Turkiyya a 1999, ɗaruruwan waɗanda aka ceto sai da aka yi musu wankin ƙoda. Gyaran kuskuren nan ɗaya ne: duk wanda abu mai nauyi ya danne na wani lokaci, asibiti za a kai shi a take, ko da yana tafiya da ƙafarsa yana cewa lafiyarsa lau.

Sai batun lokacin ɗagawa. Idan yanzu abin ya faru, a ɗage da sauri, musamman in ƙirji ko ciki ya danne, don wannan numfashi yake hanawa. Amma in ya daɗe, to tun ana tono a tura wani ya ɗauko ma'aikacin lafiya, a kira 112, ko 122 na jami'an kiyaye haɗurra in a titi ne a Najeriya. Abin da ake so shi ne a sa masa ƙarin ruwa tun yana ƙarƙashin ɓaraguzan, ta hannun da ya fito. Ga babban mutum akan fara da kamar lita ɗaya a awa ta ruwan gishirin asibiti, nomal salin, daga baya a rage. Ma'aikatan ƙananan asibitoci su lura: ba ƙarin ruwan da ake kira Ringer ake sawa ba, domin yana da fotashiyam. In kuwa babu ma'aikacin da zai zo, kada a bar mutum a danne ana jira. A ciro shi a garzaya.

Wajen cirowar ma ana ɓarna. Sai ka ga mutum goma sun hau kan tulin ƙasar da mutumin ke ƙarƙashinta, wasu kuma sun kama hannuwa suna ja. A sauka, a yi shiru a saurari muryarsa, a tokare abin da aka ɗaga da katako kada ya dawo. A ɗauke shi a miƙe kan ƙofa ko faffaɗan katako, wani ya riƙe kai, saboda ƙashin baya.

Wasu na ɗaure ƙafa tamau da igiya wai kada guba ta hau. Ɗauri irin wannan na jinin da ke tsartuwa ne wanda dannawa da tsumma mai tsabta ta kasa tsayarwa. In ba haka ba, ƙara kashe tsokar yake yi.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne kai shi wurin mai ɗori. Ba raina sana'ar nake yi ba, amma wannan ba aikinsa ba ne. Tsokar ƙafa da ta hannu a cikin wata fata mai tauri take wadda ba ta buɗewa. In tsokar ta kumbura a ciki, sai ta matse jijiyoyin jini. A zo kuma a ɗora karare a naɗe da tsumma a ƙara matsewa. Cikin kamar awa shida tsoka na iya mutuwa, ƙarshenta a yanke ƙafar. Alamar ita ce ciwon da ya wuce girman raunin, wanda ke ƙaruwa in an motsa yatsu, ga tauri, ga mutuwar jiki a yatsun. Wani lokaci sai likita ya tsaga fatar nan a ɗakin tiyata kafin ƙafar ta tsira. Gashi da ruwan zafi, tausa da man zafi, ƙaho don fitar da "mataccen jini", duk ɓata lokaci ne.

Haka allurar kemis. Diklofenak da ibufurofen suna rage ciwo, amma suna ƙara wa ƙodar da ke fama nauyi. A bar wa asibiti zaɓen magani. Kada kuma a cika shi da ayaba, dabino ko lemon zaƙi, fotashiyam ne da su. In hanya da nisa, yana cikin hayyacinsa, cikinsa bai bugu ba, ana iya ba shi ruwa zalla yana kurɓa.

In kun isa, kada ku tsaya a "gini ne ya faɗo masa". Ku faɗi ƙarfe nawa ya danne shi, ƙarfe nawa aka ciro shi, wane sashen jiki ne. Ku roƙi a duba ƙoda da fotashiyam da bugun zuciya. Mai jinya ya riƙa tara fitsarin a gora, yana lura da yawansa da kalarsa. In ya ragu ko ya yi duhu, a faɗa wa nas nan take, a kuma tambaya tun da wuri ko wane asibiti mafi kusa ke da injin wankin ƙoda.