Yadda ɓarayin mota ke aiki da yadda za ka ɓata musu lokaci

Maƙwabcina ya je sallar Juma'a da Corolla ɗinsa, ya yi fakin a bakin titi kamar kowa, raka'a biyu aka yi aka sallame ya fito babu mota. Sai da ya zagaya layin sau uku yana cewa ƙila ya manta inda ya ajiye ne. Wallahi har yau idan na tuna yadda ya dawo gida a Adaidaita da makulli a hannunsa sai raina ya ɓaci, motar nan da ita yake kai yara makaranta, da ita yake neman abinci.

Abin da nake so mutane su gane shi ne ɓarawon mota gaggawa yake yi. Mintuna kaɗan gare shi, idan motarka ta ƙi tashi ko ya leƙa ya ga ƙarfe a sitiyari, gaba zai yi ya nemi wata mai sauƙi. Saboda haka duk dabarar da zan faɗa a nan, ta ɓata masa lokaci ce.

Tsofaffin motocin nan da muka fi hawa, Corolla da Camry da Honda da Golf da Sienna, su aka fi yi wa ido saboda kayan gyaransu ba ya kwana a kasuwa, a dare ɗaya za a kwance mota a sayar da injin daban, giya daban, ƙofofi daban. Wadda makullinta ba shi da cif a ciki, wato ƴar na'urar da mota ke gane makullinta na gaskiya da ita kafin ta tashi, kuma ramin makullin ya sha aiki ya sake, wani gogaggen makulli ma yana iya murɗa ta. Wasu kuma makullinka na gaskiya suke kwafa. Ka kai wanki ko gareji ka miƙa makulli ka tafi cin abinci, a nan ake danna shi a jikin sabulu ko a ruga wajen mai yankan makulli, sannan a bar ka sati biyu ko wata ɗaya har ka manta, a biyo ka. Ba ina cewa masu wanki da kanikawa ɓarayi ba ne, yawancinsu mutanen kirki ne masu neman halak, amma yaro ɗaya ɓata-gari ya isa. Ka tsaya a kan motarka, in ba za ka iya ba ka kai wajen wanda ka san shi ka san gidansu, kuma ka cire makullin gida daga jikin na mota.

Masu rimot kuma, akwai wata ƴar na'ura da ɓarayin suke riƙewa a kusa da kai ta tare siginal, kai ka danna ka wuce kana ganin ta kulle alhali a buɗe take. Maganin wannan ba ya buƙatar ko sisi, ka ja hannun ƙofa ka tabbatar kafin ka bar wajen. Sababbin motoci masu tashi da maɓalli su ma ba su tsira ba, mutum biyu ne, ɗaya ya tsaya jikin katanga ko taga ya jawo siginal ɗin makullin da ka rataye a falo, ɗayan yana jikin mota, sai motar ta ɗauka mai ita ne ya zo. Ka daina ajiye makulli kusa da ƙofa, ka sa shi a gwangwanin ƙarfe mai murfi, ka gwada ka je kusa da motar da gwangwanin a rufe, in ta ƙi buɗewa to ya yi. Masu sayen Kia da Hyundai ƴan Amurka, na wajen 2011 zuwa 2021, ku tambaya ko akwai cif a makullin, don da yawa an ƙera su babu, abin da ya sa satarsu ta yi yawa a can ke nan.

To me za a sa wa motar?

Ni a ganina sikiriti na gaba da komai. Ka samu rewaya wanda ka amince da shi ya sa maka ɓoyayyen maɓalli da ke yanke wutar famfon mai, ɓarawo ya yi ta murɗa makulli ta ƙi tashi, ko ta tashi ta mutu a gaba kaɗan. Amma dan Allah kada a sa shi a ƙarƙashin sitiyari inda kowa ke sawa, nan za su fara lalubawa, kuma kada ka riƙa danna shi a gaban duk wanda ka rage wa hanya. Sai ƙarfen sitiyari ko na birki da kuloci, ka sayi mai nauyi, ka riƙa sa shi ko da minti biyar za ka yi, domin matsalar mutanenmu a saya a jefa a but. Tiraka ita ma tana da amfani sosai, tana nuna maka inda motar take a waya har ka kashe ta daga nesa, sai dai sim ne a cikinta, in data ta ƙare ko an rufe layin ta zama kwalliya. Ka riƙa gwada ta duk wata. Ɓarayin sun san da ita, sukan ajiye mota a wani lungu kwana ɗaya ko biyu su ga ko za a biyo, shi ya sa mai hali yake sa biyu a wurare daban, ko da sun gano ɗaya.

Akwai kuma masu zuwa da baki. Ka sa mota a kasuwa wani ya zo da manyan kaya ya ce bari ya ɗana ta, ya ce ka sauka ka saurari ƙarar bayan, kana sauka ya taka. Kada ka fita daga mota makulli na jiki, ko get za ka buɗe. Haka masu bugun motarka ta baya da dare a wurin da babu mutane, ko su yi maka nuni wai tayarka ta yi faci, kar ka tsaya, ka ƙarasa gidan mai ko shingen jami'an tsaro. Sabon direba kuwa sai da mai tsaya masa, ka je ka ga gidansu da idonka.

Idan kuma, Allah ya kiyaye, aka nuna maka bindiga, ka ba su. Kar ka yi gardama, kar ka ƙura musu ido, in akwai yara a baya ka faɗa musu a hankali za ka fito da su.

Yau ɗin nan ka ɗauki hoton takardun motarka da lambarta da lambar injin da ta casis mai haruffa da lambobi 17, ka tura wa kanka a imel, kuma ka daina barin takardun asali a cikin mota, kwafi ya isa. In an sace, ka kira 112, ka kira masu tiraka, ka je ofishin ƴan sanda mafi kusa a take, don awa kaɗan ya isa a nufi iyakar Nijar ko Kamaru da ita. Inshorar dubu 15 ɗin nan da muke yi tun 2023 ɓarnar da ka yi wa wani kawai take biya, ba ta biyan sata, sai ka yi babbar wadda ta haɗa komai.

In za ka sayi mota ta hannu, ka duba lambar casis da ke ƙasan gilashin gaba da ta jikin ƙofar direba su yi daidai da ta takarda, in ka ga alamar walda ko kankara a wajen, ko kuɗin ya yi araha fiye da kima kuma dillali yana ta azalzalarka, ka haƙura da ita.