Yadda za ka bi sabuwar ƙungiya a kakarta ta farko a lig ɗin Amurka daga nan Saudiyya

Tun da Messi ya koma Inter Miami a 2023 samarinmu na Makka da Jidda suka fara leƙa lig ɗin Amurka, wato MLS, amma mafi yawa tsakuren ƙwallayen da ake turowa a jawwal suke kallo, shi ke nan. Ni shawarata, in dai kana so ka fahimci lig ɗin nan da gaske to ka bar Miami da taurarinta tukunna, ka ɗauki ƙungiyar da aka haifa yanzu-yanzu ka bi ta daga wasan farko har na ƙarshe, domin a jikinta ne duk dokokin gasar suke fitowa fili. Zan yi ta kawo San Diego FC, wadda ta shigo a 2025 ta cike ƙungiya ta 30, amma darasin zai yi maka amfani a kan duk sabuwar da za a ƙaro nan gaba.

Ka fara da cire tsarin daurin Roshn, wato babban lig ɗin Saudiyya, daga kanka. A nan ƙungiya 18 ce, uku na ƙasa su gangara Yelo, lig ɗin da ke ƙasa da shi, uku su hauro, kuma mutanen Makka ba sai an yi musu bayani ba tun da Wahda, gidan da Usama Hausawi ya taso, ta faɗi a 2025. Ita kanta Ahli sai da ta ɗanɗana a 2022. A Amurka babu hawa babu sauka. Kuɗi ake biya a sayi gurbi, na San Diego dala miliyan 500 ne, kuma babban mai ita Mohamed Mansour ne, attajirin Masar, tare da ƙabilar Sycuan ta 'yan asalin yankin. Saboda haka kar ka haɗa ta da Ƙadisiyya ko Neom. Su waɗannan tsofaffin ƙungiyoyi ne da aka zuba wa kuɗi, sun buga a ƙasa sun ci sun hauro da 'yan wasan da suka san juna. Sabuwar MLS kuwa watanni kaɗan kafin a fara gasa ba ta da ko mutum goma sha ɗaya da za ta jera a fili.

Rashin faɗuwar nan shi ke canja komai. Mai ƙungiya a can ba ya tsoron ƙarshen teburi, don haka wani zai shigo da niyyar ya ci tun shekarar farko, wani kuma ya ce bari mu gina fili tukunna ƙwallo ta biyo baya. Aikinka na farko ka gano wanne ne a ciki, kuma tun watan Disamba ake ganewa ba sai an buga wasa ba.

Kafin a fara kaka ake ba sabuwar ƙungiya damar ta tsinci 'yan wasa daga sauran, na San Diego a Disamba aka yi. Kowace tsohuwa ta killace mutum 12 da ba a taɓawa, sabuwar ta zaɓi har biyar daga ragowar, ɗaya tak daga kowane gida. Gaskiya kar ka ɓata lokaci sosai a nan, ragowar wasu ne, wasu ma a ranar ake sayar da su. Akwai kuma zaɓen yaran jami'a, wanda sabuwa ce ke fara ɗauka, a nan San Diego ta ɗauko Manu Duah ɗan Gana. Inda za ka zuba ido shi ne gurabe uku na manyan 'yan wasa. Lig ɗin yana da ƙa'idar albashi, ba kamar nan ba inda PIF, asusun zuba jari na gwamnati, ya karɓi Hilal da Nasr da Ittihad da Ahli a 2023 aka yi ta jido taurari, a can mutum uku ne kawai za ka biya abin da ka ga dama, dokar da aka kawo saboda Beckham a 2007. To in ka yi kuskure a ukun nan ka shiga uku da gaske, babu kuɗin gyarawa.

Dubi abin da San Diego ta yi. Ta kawo Hirving Lozano daga PSV, wannan kowa ya gane dalili, garin yana bakin iyaka da Tijuana ta Meziko kuma ana buƙatar wanda zai cika filin Snapdragon mai cin mutum 35,000. Amma wanda ya ɗauki ƙungiyar a ka Anders Dreyer ne, ɗan Denmak da aka sayo daga Anderlecht ba tare da wata hayaniya ba, shi ya ci duka biyun a wasan farko da suka je gidan LA Galaxy mai riƙe da kofi suka doke ta 2-0 ranar 23 ga Fabrairu, ya ƙare kakar da ƙwallo 19 ya kuma taimaka aka ci 19. Don haka in za ka auna sayayya, tsallake sunan da aka sa a allon talla ka duba na biyu da na uku, shekarunsu nawa, wasa nawa suka buga a bara, suna yawan jinya ko a'a. Atlanta ma haka ta yi a 2017, ta ɗauko Miguel Almiron da Josef Martinez suna matasa ƙarƙashin Tata Martino, suka zura ƙwallo 70 a shekarar farko, shekara ta biyu suka ɗauki kofi.

Sai ka tambayi wa ke bayan ƙungiyar ta fuskar ƙwallo, ba ta fuskar aljihu kaɗai ba. Wannan ne a ganina ya raba San Diego da sauran. Mansour ne mai makarantar Right to Dream da aka kafa a Gana a 1999, inda su Mohammed Kudus da Kamaldeen Sulemana da Simon Adingra suka fito, kuma makarantar ce ke da FC Nordsjaelland ta Denmak. Ke nan salon wasan yana nan a rubuce tun kafin a ɗinka riga, a fara daga gola a yi ta ba juna a ƙasa, ba a dogon bugu sai dole. Suka kawo Jeppe Tverskov da Marcus Ingvartsen waɗanda suka riga suka san salon daga can, suka ba Mikey Varas koci, mutumin da da ƙananan yaran Amurka aka fi saninsa. Sabuwar ƙungiya da ba ta da irin wannan tushe tamkar girkin biki ne da aka tara masu dafawa daga unguwa goma, kowa da hannunsa na gishiri.

Yanzu maganar lokaci, wadda ita ce ke kayar da yawancinmu. Wasannin yawanci daren Asabar ne ƙarfe 7:30 a agogonsu. Tsakanin Makka da San Diego awa goma ne daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba, sauran watanni sha ɗaya, saboda su suna juya agogo mu ba ma juyawa. Ya'ani wasan gida zai same ka 5:30 na safiyar Lahadi, ko 6:30 a farkon kaka. Wannan wallahi lokaci ne mai kyau, ka yi sallar asuba, ka biya ka sayo tamis da ful, ka haɗa shayi ka zauna. Matsalar ɗaya ce, Lahadi ranar dawam ce a nan, wanda ke fita shagala ƙarfe bakwai rabin farko kawai zai gani. In sun je gabas, su Charlotte ko New York, bambancin awa bakwai ne, wasa 2:30 na dare, wannan kam sai in ya faɗo a Ramadan lokacin da dama ba a barci kafin sahur. In ba haka ba ka kwanta abinka, ka kashe sanarwar manhajar sakamako, ka fita daga guruf ɗin da ba sa iya riƙe baki, ka kalla da yamma. Kuma ba sa take ƙwallo a daidai lokacin da aka rubuta, sai an ƙara kusan minti goma ana taken ƙasa da surutu, don haka ba sai ka yi gudu daga masallaci ba.

Kallon kansa a Apple TV yake tun 2023, kar ka wahalar da mai gahawa ko mai istiraha yana ta neman tasha a risiba. Ishtiraki za ka yi, kuma ba lallai sai kana da iPhone ba, yana buɗewa a burauza da talabijin masu intanet. Wasan da ya wuce yana nan a ajiye cikakke.

To ka fara kallo, me za ka duba? Kar wasa biyar na farko su ruɗe ka ko ta wane ɓangare. St. Louis ta ci biyar ɗinta na farko a 2023, shekarar da ta shigo, ta ƙare ta ɗaya a yamma da maki 56, sai Sporting Kansas City da ta shigo da ƙyar ta fitar da ita a zagayen farko, kafin shekara ta zagayo sosai an sallami kocin Bradley Carnell. Miami kuwa da ta shigo a 2020 biyar ɗinta na farko duk duka ta sha. Ita ma San Diego a watan Afrilu sau uku a jere aka ci ta, aka fara cewa an gano lagonta, amma ba ta canja salo ba, ta ƙare da maki 63 da nasara 19, abin da babu sabuwar ƙungiyar da ta taɓa yi a lig ɗin.

Ni abin da nake fara ƙirgawa ƙwallayen da aka zura musu ne. Gaba ana iya saye, mutum ɗaya mai ƙafa zai rufa asiri, amma 'yan baya huɗu da gola sai sun daɗe tare kafin kowa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya, kuma kuɗin ba ya isa a sayi manya a can. Minnesota da ta shigo a 2017 wasanta biyu na farko 5-1 da 6-1 aka yi mata, ta ƙare an zura mata 70. Cincinnati da ta shigo a 2019 ta sha 75, ta zauna a gindin teburi shekara uku a jere, da a nan ne da tuni tana Yelo. In ka ga bayan wasa goma ana zura musu kusan biyu a kowane wasa, to ka rage buri, kakar koyo ce.

Sannan wasannin waje. Ƙasar nan faɗi gare ta, daga San Diego zuwa Charlotte ya haura kilomita 3,000 da bambancin awa uku, Jidda zuwa Dammam ba ta kai rabin haka ba. Ga Colorado a kan tudu, duk wanda ya ga yadda 'yan wasan Jidda ke haki in sun je Abha ya san zancen, ga filayen roba a Seattle da Portland da Atlanta. Tsakanin Yuni da Agusta kuma ake gane mai benci, domin ga zafi, ga gasar Leagues Cup da ƙungiyoyin Meziko, ga ƙasashe suna kiran 'yan wasansu lig ɗin bai tsaya ba. Sabuwar ƙungiya yawanci goma sha ɗayanta na farko ne masu kyau, na goma sha biyu zuwa sha takwas nan ake jin kunya.

Teburin ma sai ka iya karanta shi. Gabas da yamma ne, 15 kowanne, wasa 34, kuma shida kacal ake bugawa da na ɗaya ɓangaren, don haka kar ka ɗauki ƙungiyar yamma kana sa ran lallai za ta haɗu da Messi. Wanda ya fi kowa maki ana ba shi garkuwa, amma ba shi ne zakara ba, wannan abu har yau yana ba 'yan Ittihad da Hilal haushi in ana musu a majalisa. Tara na sama a kowane ɓangare ke wucewa, na takwas da na tara su fara karawa, zagayen farko sai wanda ya ci biyu cikin uku kuma babu canjaras sai fenareti, daga nan sili ɗaya ƙwale har wasan ƙarshe a Disamba. Don haka ma'aunin da ya dace da sabuwar ƙungiya shi ne ta shiga taran nan, ko ta bakwai ta zo ta yi ƙoƙari. San Diego ta fitar da Portland, ta ci Minnesota 1-0, sai Vancouver ta zo har gida ta doke ta 3-1 a wasan ƙarshe na yamma. Ɗaukar kofin a shekarar farko kuwa Chicago Fire ce ta yi a 1998, lokacin ƙungiyoyin ba su wuce 12 ba, in wani ya kawo maka wannan a musu ka tuna masa da adadin.