Kafin ku zaɓi makarantun da za ku nemi MBA

'Yan uwa masu shirin neman gurbin MBA (digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci), kada ku fara da jerin makarantun da suka fi suna. Ku fara da tambayar inda kuke son yin aiki bayan kammalawa, domin kamfanonin da ke kusa da makaranta su ne suka fi ɗaukar ɗalibanta. Manyan makarantu suna fitar da rahoton aikin da ɗalibansu suka samu kowace shekara. Ku karanta shi, musamman abin da ya shafi baƙi 'yan ƙasashen waje.

Sai tsawon karatu. Harvard da Wharton a Amurka shekara biyu ne, da hutu a tsakiya wanda ake aikin gwaji a kamfani. INSEAD ta Faransa kuwa wata 10 ce kawai. Mai son sauya sana'a gaba ɗaya, a ganina, shekara biyun ta fi masa, don ta aikin gwajin nan ake samun ƙofa. Wanda zai koma fagensa, me zai zauna yi?

Kuɗin fom kaɗai yakan kai dala 250 a manyan makarantun Amurka, ga na jarrabawar GMAT ta shiga makarantun kasuwanci. Saboda haka makarantu biyar ko shida sun isa: biyu masu wuyar shiga, sauran waɗanda makinku ya yi daidai da na ɗalibansu. In kuna neman tallafin karatu, ku shiga zagayen farko na karɓar fom a Satumba ko na biyu a Janairu, kada ku jira na ƙarshe.

Mai niyyar zama a gida Najeriya kuma ya duba Lagos Business School, tana da shaidar inganci daga AACSB, ƙungiyar da ke tantance makarantun kasuwanci a duniya.