Yadda ake ƙiyasta kuɗin inshorar diyyar ma'aikatan kanti a jihohin Amurka

Mai kantin sayar da kaya a Amurka da ke son sanin abin da inshorar diyyar ma'aikata za ta ci masa, sai ya fara da dokar jihar da ma'aikatansa suke aiki, domin kowace jiha da nata tsarin. Wannan inshora ce ke biyan kuɗin asibiti da wani kaso na albashin wanda ya ji rauni a bakin aiki, kamar yarinyar da santsi ya kwasa a gaban firji, ko saurayin da bayansa ya riƙe wajen sauke kwalaye daga mota.

Da farko a tabbatar ko inshorar wajibi ce. A Kalifoniya ko ma'aikaci ɗaya gare ka sai ka yanki inshorar, a Fulorida kuwa wajibcin yana hawa kan mai kanti ne idan ma'aikatansa sun kai huɗu. Jihar Tekzas ta bar wa mafi yawan kamfanoni masu zaman kansu zaɓi, sai dai wanda ya ƙi shiga ya buɗe ƙofar da ma'aikaci zai maka shi a kotu, kuma a ganina wannan tsimi ne mai tsada.

Daga nan sai a nemo lambar rukunin aiki, kuma a nan ne ya kamata a fi natsuwa. Yawancin jihohi suna bin rabe-raben hukumar NCCI, mai tattara bayanan wannan inshora a Amurka, inda 8017 ke nufin kantin da ba a ware masa rukuni na musamman ba, 8008 kantin tufafi, 8810 kuma ma'aikatan ofis. Farashin rukunin ofis ƙanƙani ne ƙwarai, amma ba a amincewa da shi sai idan mai aikin yana zaune a wuri keɓaɓɓe, ba ya fitowa jera kaya ko karɓar kuɗi. Kalifoniya da Niyok da Fensilbaniya suna da hukumominsu na kansu, don haka kada a ɗauki farashin wata jiha a ɗora wa reshen da ke can.

Lissafin kansa ba shi da wuya. A raba jimillar albashin shekara da 100, a ninka da farashin rukunin. A ce albashin ma'aikatan kanti dala 200,000 ne, farashin kuma dala 1.50 a kan kowace dala 100, to za a biya dala 3,000. Idan wata jiha tana karɓar dala 2.50, kanti iri ɗaya zai biya 5,000. Abin da ke kawo wannan bambanci shi ne tsadar magani, da yawan diyyar da doka ta yanke, da yawan shari'o'i a kowace jiha. Kantin da ya girma ana kuma ninka masa kuɗin da ma'aunin tarihin haɗurransa na shekara uku, wanda matsakaicinsa 1.0 ne: mai 0.85 ya sami ragi, mai 1.20 ya sha ƙari.

A jihohi huɗu, wato Ohayo da Washintan da Wayomin da Dakota ta Arewa, ba a sayen wannan inshora daga kamfanoni masu zaman kansu, sai daga asusun gwamnatin jiha. Washintan ma da awannin aiki take lissafi maimakon albashi. Mai son kwatanta jihohi zai iya duba rahoton da jihar Oregon ke fitarwa duk bayan shekara biyu, ko da yake matsakaicin sana'o'i da yawa yake nunawa, ba na kantuna kaɗai ba.

Kuɗin da aka biya a farkon shekara ƙiyasi ne kawai, domin idan wa'adi ya cika kamfanin inshora zai binciki littattafan albashi, ya nemi ciko ko ya mayar da rara. Saboda haka a riƙa rubuta albashin kowane reshe da kowane rukuni daban, har da na ma'aikatan wucin gadi da ake ɗauka lokacin cinikin ƙarshen shekara.