Yadda za ka fara kallon Mammootty

In ka shiga shagon masu tura fim a nan Kano ka ce a zuba maka na Indiya, na Hindi za a ba ka, ko na faɗan nan da aka yi wa fassarar Hausa. Saboda haka ka ambaci sunan jarumi Mammootty, ka ce na Malayalam kake so, wato harshen jihar Kerala da ke kudancin Indiya.

Ka ɗan san mutumin tukuna. Sunansa na yanka Muhammad Kutty, an haife shi a 1951. Ya karanta shari'a a Ernakulam, ya yi aikin lauya a Manjeri, duk garuruwa ne a Kerala, kafin fim ya janye shi. Fitowarsa ta farko a 1971 ce, ko sunansa ba a rubuta ba. Yau finafinansa sun haura 400, kuma sau uku yana karɓar kyautar gwarzon jarumi ta ƙasar Indiya.

Ni dai da fim ɗinsa mai suna New Delhi na 1987 nake cewa a fara. Shi ya farfaɗo da shi bayan finafinansa sun yi ta faɗuwa a kasuwa. A fim ɗin ɗan jarida ne da aka ɗaure bisa zalunci, ya fito da nakasa ya shiga ramuwa. Ba zai gundure ka ba.

Sai Mathilukal, kuma wannan yana son natsuwa. Ka bari sai bayan isha'i, gida ya yi shiru. Fursuna ne yake hira da wata mata ta bayan katangar kurkuku, har fim ya ƙare ba a nuna fuskarta ba. Ka lura da yadda yake ɗaga kai sama yana sauraro, da yadda muryarsa take laushi in ta amsa. Yaran da ke son shiga Kannywood, wallahi nan ya kamata su zauna su koya.

Don Allah kada ka karɓi wanda aka ɗora wa wata murya. Rabin gwanintarsa a bakinsa take, yana sauya karin harshe gwargwadon yankin da labari ya fito, kamar Bakano ya juye Sakkwatanci tsaf. Nemi mai rubutun fassara a ƙasan allo, ka sa abin kunne.

In ka saba da shi, sai ka nemi Bramayugam na 2024. Baƙi da fari aka ɗauke shi, lokacin ya haura shekara 70. Akwai ban tsoro a ciki, kada ka kunna a gaban yara.