Yadda Ma'aikatan Arewa a Legas Za Su Haɗa Kai Su Karɓi Haƙƙinsu a Wurin Aiki

Da yawa daga cikin 'yan Arewa masu aikin ƙarfi a Legas, tun daga masu sauke kaya a Apapa har zuwa leburorin gine-gine a Lekki da ma'aikatan masana'antun Ikeja, suna kama aiki ne ba tare da ko layi ɗaya a rubuce ba. Wani ɗan garinsu ne ya kai su, aka yi ciniki da baki, aka ce su fito gobe da safe. Muddin ana biya babu mai tuna takarda, amma ran da aka riƙe albashin wata biyu, ko inji ya datse wa mutum yatsu, ko aka ce ya kwashe kayansa ya ƙara gaba, ran nan ne yake gane cewa ba shi da abin nunawa. Abin da aka saba shi ne a kai kuka wurin Sarkin Hausawan unguwa ko wani mai faɗa a ji, kuma sau da yawa hakan yakan yi amfani. Sai dai roƙon arziki ne, kuma abin da aka samu da roƙo yau ana iya janye shi gobe. Akwai hanyar da ta fi wannan ɗorewa, ko da yake ta fi bukatar haƙuri.

A fara da sanin abin da doka ta riga ta ba ma'aikaci. Sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane mutum 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago ko shiga wadda take akwai domin kare muradunsa. Dokar Ƙwadago ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci takardar da ta bayyana sharuɗɗan aikinsa kafin cikar wata uku da farawa, kuma ta haramta korar mutum saboda ya shiga ƙungiya. Ta kuma ƙayyade wa'adin da za a bayar kafin sallama: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, sannan wata guda ga wanda ya kai shekara biyar. Wanda ya yi shekara cur yana aiki yana da hutun aƙalla kwanaki shida na aiki tare da biya. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya tashi daga naira 30,000 zuwa naira 70,000 a watan Yulin 2024, gwamnatin Jihar Legas kuma ta sanar da naira 85,000 ga nata ma'aikatan a watan Oktoban 2024. A nan akwai abin lura, domin dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Saboda haka mai gadin gida ɗaya ba zai kafa hujja da ita ba, amma kuɗin da aka yi alkawari da shi bashi ne a kan maigidan, ko da da baki aka ƙulla.

Bayan sani sai ajiye shaida, kuma wannan ne aikin da aka fi rainawa alhali shi ne yake yanke hukunci idan magana ta yi nisa. Kowane ma'aikaci ya sami ƙaramin littafi ya riƙa rubuta ranar da ya fara aiki, da lokacin shiga da na tashi, da abin da aka biya shi da abin da aka zaftare da dalilin da aka bayar. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, muhimmin abu dai ranaku da lambobi su fito. Kada a goge saƙon banki na shigar albashi, kada a yar da katin shaidar aiki ko da ya tsufa, a kuma ɗauki hoton kowace takarda kafin a sa mata hannu. Idan takarda da Turanci ce kuma ba a fahimce ta ba, a nemi a tafi da ita a karanta, domin an sha sa mutane dangwala yatsa a kan takardar da take cewa sun ajiye aiki da kansu ko sun karɓi duk haƙƙinsu. Ya kamata kuma kowa ya san ainihin sunan wanda ya ɗauke shi, tunda kamfanoni da dama ba sa ɗaukar leburori kai tsaye, ta hannun ɗan kwangila suke bi, ran da rigima ta tashi kowannensu ya ce ba ma'aikacinsa ba ne.

Sai kuma tara mutane. Kada a fara da taron jama'a ko da kafa zauren WhatsApp mai mutum hamsin, domin kafin magariba labari ya isa ofishin manaja. Duk da cewa doka ta hana korar mutum saboda ƙungiya, mai neman kora ba ya rasa wani dalilin da zai rubuta. A fara da mutum uku ko huɗu waɗanda aka san amanarsu, a riƙa ganawa a wajen harabar aiki, kowane ɗaya kuma ya yi magana da wasu biyu ido da ido. Tambaya ta fi wa'azi amfani a wannan mataki: me ya fi damunka a wurin nan? Za a ji koke iri-iri, amma a zaɓi ɗaya ko biyu waɗanda suka shafi kusan kowa kuma ake iya cin nasara a kansu, kamar jinkirin albashi ko rashin safar hannu da takalmin kariya. Ƙaramar nasara ta farko ita ce take jawo masu ɗari-ɗari.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne kada wannan haɗin kai ya tsaya a kan Hausawa kaɗai. Na san dalilin da ya sa zuciya take karkata can: harshe ɗaya, masallaci ɗaya, ga kuma tabon abin da ya faru a Ketu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da Mile 12 a 2016, inda talakawa suka kashe juna aka ƙona shaguna da gidaje. Amma ƙungiyar da ta ƙunshi ƙabila ɗaya tak a wurin aikin da ke da Yarabawa da Ibo da Tibi da mutanen Kwatano, kyauta ce aka miƙa wa mai kamfani. Zai ce wa sauran 'yan Arewa ne ke neman tayar da fitina, idan kuma Yarabawa ne suka ɗaga murya sai ya nuna musu layin 'yan ci-rani da ke bakin ƙofa, masu shirye su karɓi rabin kuɗin. Da haka ake danne albashin kowa. Tarihin garin nan da kansa ya nuna ɗaya hanyar. A watan Yunin 1945 ma'aikatan jirgin ƙasa da sauran ma'aikatan gwamnati a Legas suka shiga yajin aiki saboda tsadar rayuwar da Yaƙin Duniya na Biyu ya jawo, jagoransu kuwa Michael Imoudu mutumin ƙasar Edo ta yanzu ne. Yajin ya bi layin dogo ya bazu cikin ƙasa, ya ɗauki fiye da kwana arba'in, har Turawan mulkin mallaka suka kafa kwamitin bincike wanda ya amince da ƙarin kuɗin tsadar rayuwa. Mu ma Arewa muna da gadonmu a wannan fage, tun daga NEPU ta su Malam Aminu Kano da aka kafa a 1950 domin talakawa, har zuwa gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi a Kano wadda ta ba da hutun Ranar Ma'aikata a 1980, shekara guda kafin ya zama hutun ƙasa baki ɗaya. Don haka a sa wakilin kowane ɓangare cikin kwamiti tun daga farko, a sami mai fassara a kowane zama, a kuma sa lokacin taro inda ba zai ci karo da Juma'a ko cocin Lahadi ba.

Batun kuɗi a taƙaice yake: ɗan abin da kowa zai iya bayarwa duk wata, ma'aji daban da shugaba, a kuma karanta lissafi a gaban kowa.

Idan mutane sun taru, ba dole ne a yi rajistar sabuwar ƙungiya ba. Doka ta nemi aƙalla mutum 50 kafin rajista, kuma mai rajistar ƙungiyoyin ƙwadago yana iya ƙi idan akwai ƙungiyar da ta riga take wakiltar wannan sana'a. Ya fi sauƙi a nemi ƙungiyar da ke ƙarƙashin NLC ko TUC, wato manyan haɗaɗɗun ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasa, wadda ta dace da aikin, a zama reshenta: ma'aikatan tashar jiragen ruwa suna da MWUN, na harkar man fetur suna da NUPENG, na masana'antun abinci da abin sha suna da NUFBTE, masu sana'o'in da ba na ofis ba kuma suna iya tuntuɓar FIWON. Sai dai a shiga da ido buɗe, a tambayi jami'an ƙungiyar me suka taɓa yi wa ma'aikatan wucin gadi, domin akwai inda karɓar kuɗin ƙa'ida ya fi kare ma'aikaci muhimmanci.

Koke a rubuce ake kai shi, da harshe mai ladabi, da kwanan wata, da sa hannun mutane da yawa, kuma tawaga ce za ta miƙa, ba mutum ɗaya ba. A nemi a buga hatimin karɓa a kan kwafin da za a riƙe. Idan aka yi biris, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a Legas inda jami'ai suke kiran ɓangarorin biyu domin sulhu. Gwamnatin jihar ma tana da cibiyar sasanta jama'a da ofishin lauyoyin kare marasa ƙarfi wanda aka fi sani da OPD, kuma ba a biyan kuɗi a wurarensu. Daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a Ikoyi, kuma ita ce tsarin mulki ya keɓe wa shari'o'in aiki. Wanda ya ji rauni a bakin aiki yana da haƙƙin diyya ƙarƙashin dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 wadda hukumar NSITF take gudanarwa, kuma mai kamfani ne yake zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi a asusun, ba a cirewa daga aljihun ma'aikaci. A sanar da raunin a rubuce nan take, a adana takardun asibiti, kada kuma a karɓi ɗan kuɗin magani a sa hannu cewa magana ta ƙare.

Yajin aiki shi ne makami na ƙarshe. Doka ta gindaya cewa sai an bi matakan sulhu kuma mafi rinjayen 'yan ƙungiya sun kaɗa ƙuri'ar amincewa, sannan ta ba mai kamfani damar hana albashin kwanakin da ba a yi aiki ba, saboda haka sai an tanadi abin da iyalai za su ci kafin a fara. Idan an fita, a naɗa dattawa masu tsare tsari, a hana ɗaukar ko sanda, a hana taɓa injin kamfani ko motarsa, a kuma kori duk wanda ya fara zagin wata ƙabila ko wani addini ko da ɗan'uwa ne na jini. Duk abin da aka cim ma a teburin sulhu a rubuta shi, da ranar da zai fara aiki da sharaɗin cewa ba za a hukunta kowa saboda shiga yajin ba, wakilan ɓangarorin biyu su sa hannu, sannan a karanta wa ma'aikata da Hausa da Yarabanci da Turancin Buroka kafin kowa ya koma bakin aikinsa.